Ƙwarangwal Ɗin da Muka Aro daga Dutsin-Ma

Duk ranar da masana suka zauna rubuta tarihin ilimin kimiyya a ƙasar nan, idan har suna da adalci, dole su ware babi guda domin wani ƙwarangwal na roba mai guntulallen yatsa, wanda ya taɓa tafiya daga Dutsin-Ma zuwa ƙasar Kurfi a bayan a-kori-kura. Na halarci tarurrukan ƙara wa juna sani iri-iri. Na saurari jawabai a kan ƙarancin likitoci da injiniyoyi, na ci shinkafar taro, na dawo gida na manta da abin da aka faɗa tun kafin in cire hula. Amma makon da ƙwarangwal ɗin nan ya baƙunce mu, ko da tsufa ya kwashe mini sunayen jikokina, ba na jin zai iya kwashe shi.

A lokacin ina koyar da ilimin halittu a wata ƙaramar sakandare ta jeka-ka-dawo, a wani ƙauye da ke gaba da Kurfi. Muna da ajin kimiyya. Muna kuma da ɗakin gwaji, idan aka yarda cewa rubutun da ke saman ƙofa ya isa ya mayar da ɗaki abin da aka rubuta. A ciki akwai dogayen tebura, da famfon da bai taɓa ganin ruwa ba, da jemagu a rufi waɗanda su kaɗai ne halittun da ake iya nazari a wurin. Sauran kayan gwajinmu duk da alli ake yin su. Maikiroskof, wato na'urar nan da ke ƙara girman abin da ido ba ya gani, na zana shi a allo har hannuna ya haddace shi. Ɗalibaina sun san sunan kowane sashe nasa, suna rera su kamar karatun safe, amma babu wanda ya taɓa ɗora hannu a kansa. Da an goge allo, ɗakin gwajinmu ya tashi ke nan sai gobe.

Muna cikin wannan zaman lafiya, tsakiyar damina, sai labari ya zo cewa wata Hajiya mai duba makarantu za ta zo daga Katsina ta ga ko mun cancanci mu ci gaba da gabatar da ɗalibai a jarrabawar kimiyya. In ta tarar babu kayan gwaji, za a rufe ajin. Wanda ya nace sai ya yi kimiyya, sai ya riƙa zuwa gari kullum. Ga samari wannan magana ce ta keke. Ga 'yan mata kuwa, magana ce ta ƙare.

Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce 'yar limamin garin. Yarinya ce marar yawan magana, mai tambayar da ke sa malami ya koma gida ya buɗe littafi. Burinta ɗaya: ta zama mai gwajin jini, domin ɗan asibitin garin ba shi da kowa mai wannan aiki, duk wanda zazzaɓi ya ƙi saki sai an ɗauke shi zuwa Kurfi ko Dutsin-Ma. Mahaifinta malami ne na gaske, mai makarantar allo a zaure da littattafai har rufi, kuma ba ya adawa da bokon 'yarsa. Amma ya faɗa mini ƙarara: “Malam, in ta gama nan, makarantar kwana ta gaba zan kai ta da kaina. Amma ɗiyata ta riƙa hawa bayan kabu-kabu safe da yamma a wannan hanya, a'a. In an rufe ajin, ta koma ɗaya ajin da ba na kimiyya ba.” Ban ga laifinsa ba. Na san hanyar.

Shugaban makarantarmu mutum ne mai son tsari, mai ɗaurin makullai a ƙugu wanda ake jin ƙararsu kafin a ga mai su. A wurinsa, abu mafi kyau da zai iya samun kayan gwamnati shi ne kada a taɓa shi. Da na je masa da damuwata, sai ya dube ni ta saman tabarau.

“Malam, kai baƙo ne a ƙasar nan? In za a yi wa amarya jere, duk kwanukan da ke ɗakin nata ne? A aro, 'yan kallo su gani su yaba, bayan biki a mayar. Ba ka da aboki a Dutsin-Ma?”

Ina da shi. Tare muka yi kwalejin horon malamai, kuma shi ke kula da ɗakin gwajin wata tsohuwar makaranta a can. Na tafi ina ta shirya yadda zan fara maganar ba tare da na ji kunya ba. Ashe wahalar banza na yi. Ban gama gaisuwa ba ya nuna mini kwalaye a kusurwa, an riga an ɗaure su da igiya.

“Mai duba makarantu ce za ta zo muku, ko? Ɗauki. Ba mu ma kwance su ba tun dawowarsu daga wancan aron.”

Akwai maikiroskof biyu, da kwalaben gwaji, da ma'auni, da wasu tarkace masu ƙyalli. Sai kuma ƙwarangwal, tsaye a kan ƙarfensa, tsawon mutum sosai, ɗan ƙaramin yatsansa na hagu babu. Abokina ya dafa kafaɗarsa ya ce, “Wannan shi ne Dattijo. Ka kula da shi, ya girme mu a aiki.” Saboda hadari ya haɗo, kuma hanya duk ramuka, muka naɗe Dattijo da wani tsohon farin labule, muka ƙara da tabarma, muka ɗaure a wajen kai da tsakiya da ƙafa, muka kwantar da shi a bayan a-kori-kura. Ni kuma na zauna kusa da shi na dafa shi da hannu don kada ya karye, fuskata a ɗaure saboda girgizar mota. Mutum biyu masu takardar shaidar ilimi suka yi wannan ɗauri, kuma babu wanda ya ja baya ya dubi abin da muka haɗa.

Ranar kasuwa ce. Tun kafin mu fita Dutsin-Ma na lura mutanen da ke zaune a bakin hanya suna miƙewa in mun wuce. Wani mai babur ya matso ya ce, “Malam, Allah ya ba da haƙuri.” Na ɗauka ramukan hanya yake nufi, na ce amin. Wani dattijo ya ɗaga hannu ya yi addu'a, na shafa tare da shi, domin ba a barin addu'a ta wuce babu amin. Da muka bar titi bayan Kurfi muka shiga hanyar ƙauye, na waiga sai na ga babura a jere suna bin mu a hankali, yawancinsu mutanen ƙauyen Tamawa masu dawowa daga kasuwa, kowa ya sunkuyar da kai. A nan ne kawai ilimina ya farka. Na yi ta ɗaga hannu ina nuna musu su koma. Su kuma suka ɗauka ruɗewar mai rashi ce, suka ƙara matsowa.

Waya ta riga mu isa. Mun tarar da Liman a ƙofar masallaci da jama'a, har wasu samari sun ɗauko shebur da diga.

“Malam, wa muka rasa?” in ji Liman.

“Allah ya gafarta Malam, ba kowa. Kayan makaranta ne.”

“Kayan makaranta a cikin likkafani?”

Babu abin da ya rage sai kwancewa. Da Dattijo ya bayyana yana yi wa jama'a murmushinsa na dindindin, sahun gaba ya koma sahun baya ba tare da an umarce shi ba. Liman kaɗai bai motsa ba. Ya matso, ya ƙwanƙwasa ƙoƙon kan da yatsa, ya saurara.

“Roba ce. To, alhamdu lillahi. Da na mutum ne, yanzun nan za mu yi mai sallah mu rufe shi, baƙuwarku ta zo ta duba kabari.”

Wani daga cikin masu babura ya ɗaga murya: “To Malam, mu da muka baro hanyarmu, ina ladanmu?”

“Niyyarku ta isa inda za ta. Man da kuka ƙona kuwa, ku tambayi malamin kimiyya.”

Da aka watse ana dariya, Liman ya ja ni gefe ya tambayi inda kayan suka fito. Na faɗa masa gaskiya. Ya shafa gemu, sannan ya ce, “Aro halal ne, Malam. Amma in baƙuwar ta ce na wa ne, mi za ku ce mata?” Na ce ba na jin za ta tambaya. Ya ce, “Allah ya sa,” da irin muryar da ake faɗa wa wanda ya shanya hatsi a ƙarƙashin hadari.

Umarnin shugaba a bayyane yake: a jera, a kulle, kada ko ƙuda ya sauka a kai. Na ce masa, “Ranka ya daɗe, in Hajiya ta ce yaro ya ɗauki na'urar nan, ya riƙe ta kamar an miƙa wa gwauro jariri, ai ta gane.” Wannan hujja ta shige shi. Ya ce su taɓa, amma a hankali, kuma yana tsaye. Haka kuwa aka yi. Ya tsaya a bakin ƙofa duk tsawon darasin, fuskarsa kamar ta wanda ke kallon yara suna ƙwallo da ƙwai.

Maikiroskof ɗin irin na da ne, mai ɗan madubi a ƙasa da ake juyawa ya kamo hasken rana, abin da ya dace da makarantar da wutar lantarki ba ta san hanyarta ba. A kwaleji mu ma layi muke bi mu leƙa sau ɗaya mu wuce, don haka ni da ɗalibaina kusan tare muka fara. Muka sa ɓawon albasa. Na farko ya leƙa ya ce ya ga duhu. Na biyu ya ce ya ga wasu baƙaƙen zare, muka yi murna, daga baya muka gane gashin idonsa ne. 'Yar Liman ce ta zauna ta yi ta murɗa na'urar kaɗan-kaɗan, ta gyara madubi, har ɗakunan albasar suka fito a jere kamar tubalin gini. Daga nan aka ɗebo ruwan kududdufin bayan makaranta, aka ɗiga a kan gilashi. Ta sa ido. Ta daɗe ba ta ɗago ba.

“Malam,” ta ce a hankali, “motsi yake yi.”

“Ai na faɗa muku tun bara.”

“Eh, ka faɗa. Amma ni na ɗauka abin jarrabawa ne kawai. Ashe da gaske akwai su.”

Na sha jin maganganu daga bakin ɗalibai, masu daɗi da marasa daɗi, amma babu wadda ta zauna mini kamar wannan. Yarinyar da ta fi kowa ƙoƙari a ajina ta yi shekaru tana haddace halittun da ba ta yarda suna duniya ba. Tana rubuta su ne don ladabi, kamar yadda ake amsa wa tsoho labarin da aka san ya ƙara masa gishiri. Ranar babu wanda ya fita hutun tara. Wani yaro da ya leƙa ya rantse ya bar shan ruwan kududdufi har abada, rantsuwar da na ji ta kai har ranar Juma'a. Washegari Liman da kansa ya zo, ya cire tabarau, ya leƙa, ya yi tasbihi, ya sake leƙawa. Da zai fita ya tambaye ni ko ruwan randar masallaci ma haka yake. Na ce sai an duba. Ya ce a bari tukuna, yana da sallar azahar a gabansa.

Ana gobe Hajiya za ta zo, shugaba ya tara 'yan ajin ya koya musu amsa. In an tambaye su tun yaushe suke da kayan, su ce, “Tun da daɗewa.” A ganinsa wannan ba ƙarya ba ce, tunda daɗewa ba ta da ma'auni. Aji ya maimaita da ƙarfi. Na lura bakin 'yar Liman bai motsa ba, na kuma lura cewa ya fi mini sauƙi in yi kamar ban lura ba.

Hajiya ta iso da hantsi. 'Yar ƙaramar dattijuwa ce mai tabarau da jaka ɗaya, ba ta da hayaniya. Shugaba ya bi ta da jawabi a kan muhimmancin kimiyya ga ci gaban ƙasa, ita kuma tana zagaya tebura. Ta tsaya gaban Dattijo, ta ɗaga hannunsa na hagu, ta duba, ta sauke shi a hankali. Ta je wajen maikiroskof, ta sunkuya kamar za ta leƙa, sai na ga ta ɗan ja numfashi ta hanci. Sannan ta juyo ta dubi ɗalibai, kuma cikin duk ajin idonta bai sauka a kan kowa ba sai wadda nake addu'ar ya tsallake.

“'Yata, tun yaushe kuke da kayan nan?”

Yarinyar ta dube ni. Ni kuma na ga lokaci ya yi da zan yi nazarin jemagun rufi. Ta san abin da amsarta za ta iya jawowa, ta fi kowa sani, domin ajin da za a rufe nata ne, gwajin jinin da za a fasa nata ne.

“Tun ranar kasuwar da ta wuce, Hajiya. Na aro ne. Daga Dutsin-Ma.”

A bayana na ji ƙarar makullai sun faɗi ƙasa.

“Na sani,” in ji Hajiya. “Ni da Dattijon nan mun daɗe tare. A makarantarsa na fara koyarwa, yatsan nan a ajina ya karye. Tun da na koma duba makarantu kuwa, duk inda na nufa sai in tarar ya riga ni isa. Ya fi ni sanin ƙasar Katsina.” Ta juya wajen shugaba. “Malam, ɗauki makullanka, ba cizo nake yi ba.”

Ta dafa maikiroskof. “Wannan ma na san shi. Amma kullum tsaf nake samunsa, kamar kwanon jere. Yau ne karo na farko da na ji yana warin albasa. Wa ya taɓa shi?”

Sai 'yar Liman ta ɗaga hannu, sauran suka bi ta ɗaya bayan ɗaya.

“To zo ki nuna mini.”

Ta ɗiga ruwan kududdufi, ta rufe da gilashi, ta juya madubi. Daidai nan hadari ya rufe rana, ɗakin ya yi duhu. Ta murɗa, ta sake murɗawa, babu komai. Na ga gumi a goshinta. Ba ta nemi izinin kowa ba, ta sa hannu ɗaya a wuyan na'urar, ɗaya a ƙarƙashi, ta ɗauke ta ta nufi waje. Shugaba ya yi wani sauti da ban taɓa ji daga bakin babban mutum ba. Ta ajiye ta a kan dakalin baranda inda haske ya fi, ta durƙusa, ta gyara, sannan ta matsa gefe. Hajiya ta tattare mayafinta ta durƙusa a inda yarinyar ta tashi. Ta daɗe tana kallo.

“Rabona da ganin waɗannan tun ina aji,” ta ce. “Me kike so ki zama?”

“Mai gwajin jini, Hajiya. Asibitinmu babu.”

Hajiya ta miƙe tana kakkaɓe gwiwa. Ta ce wa shugaba ba za ta rubuta cewa muna da kayan gwaji ba, domin ba mu da su. Za ta rubuta cewa ba mu da komai, amma muna da ɗaliban da suka iya aiki da abin da ba su da shi, kuma rufe irin wannan aji asara ce. Za ta nemi a bar mu bisa sharaɗi, ta kuma nema mana namu kayan. “Kafin su zo, ku ci gaba da aro. Amma ku riƙa arowa don yaran nan, ba don ni ba. Ni na gaji da gaisawa da Dattijo.”

Ba a rufe ajin ba. Muka riƙa ɗauko kwalayen kowane zango, Dattijo kuma daga ranar a zaune yake tafiya a gaban mota, ba lulluɓi, mutanen hanya suna ɗaga masa hannu. 'Yar Liman ta ci jarrabawarta, mahaifinta ya cika alkawari ya kai ta makarantar koyon aikin lafiya. Yanzu tana gwajin jini a wani asibiti a yankin. Bara ta gwada nawa, ta dube ni ta saman tabarau ta ce, “Malam, a rage sukari a shayi.” Na ce mata ai na ɗauka abin jarrabawa ne kawai. Ba ta yi dariya ba sai da na fita.

Abin da wannan mako ya koya mini bai kai girman jawaban taro ba, amma ya fi su zama a kai. Ƙasa ba ta rasa yara masu ƙwaƙwalwa ba, kuma ba kullum ne ta rasa kayan aiki ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne barin hannun yaro ya kai ga kayan. Yaron da bai taɓa gani da idonsa ba zai haddace, ya ci jarrabawa, ya karɓi takarda, a ransa kuma yana ɗaukar kimiyya wata tatsuniya ce da gwamnati ke biyan malamai su faɗa. Na'urar da ba ta taɓa warin albasa ba, ba ta koyar da kowa komai ba. Gara ta karye a hannun ɗalibi da ta tsufa lafiya a kwali.

Hajiya ta cika nata alkawarin. Bayan wasu shekaru kayanmu suka iso, sababbi fil, har da maikiroskof masu sheƙi da ƙwarangwal mai cikakkun yatsu. Shugaba ya karɓe su da jawabi, ya sa aka yi wa ɗakin ajiya ƙofar ƙarfe, ya ƙara makulli ɗaya a ƙugunsa. Har na bar makarantar ba a fito da su ba, sai ranar da wata makaranta ta aiko aro.